Inuwar da ba mu muka dasa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan La'asar na shiga Gamji, filin shaƙatawar nan na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin Kogin Kaduna. A titi hon ya cika kunne, hayaƙin Keke Napep ya cika hanci, amma ina shiga sai ka ce an ja mini ƙofa. Na samu gindin wata tsohuwar bishiya na zauna, ina hangen 'yar gadar Gwamna Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904, daga baya aka ciro ta aka kawo nan. Ba abin da nake ji sai kukan kurciya.

Sai na tuna hadisin Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, da ke cikin Bukhari da Muslim: babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, face an rubuta masa sadaka. Wanda ya dasa bishiyar nan wataƙila ya daɗe a kabari. Ya yi ta ɗaukar ruwa yana ba ta, yana kare ta daga awaki, tun tana 'yar tsiro. Ga ni yau ina shan iskarta ban san ko sunansa ba.

Da na sunkuyar da kai, wallahi kunya ta kama ni. Ledojin fiya wata, robar lemo, takardar tsire duk maiƙo, har wani ya sa ƙusa ya karce sunansa a jikin itacen. Mu ne fa. Mu da muke fitowa daga sahun gaba a masallaci.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu ji tsoron abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwarsu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Ɗan uwa, dubi yadda aka haɗa inuwa da hanya. Tsoho mai hawan jini na nan tafe zai zauna inda ka tashi, haka ɗalibar da ba ta da wurin karatu a gida.

Kafin kiran Magariba na tsince abin da na iya na zuba a kwandon shara. Allah Ya jiƙan wanda ya dasa bishiyar nan, Ya sanyaya masa makwanci.