Masu cewa a hana littattafan mata, kun ma karanta ɗaya kuwa?

Kwanakin nan rubutu na ta yawo a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wai a hana littattafan hikaya da mata ke rubutawa a intanet don su ne sunka lalata tarbiyyar 'yan mata. Abin da ya ɓata min rai, yawancin masu wagga kururuwa in ka ce su faɗi sunan littafi ɗaya da sunka karanta har ƙarshe sai a fara kame-kame, shafi guda na batsa wani ya ɗauki hotonsa ya watsa, shi ke nan an yi wa duk marubutan kuɗin goro.

A watan da ya wuce littafi uku na karanta. Ɗaya na tarihin jihadin 1804, daga hijirar Shehu zuwa Gudu har yaƙin Tabkin Kwatto, ɗaya kan hawan jini da na saya saboda mahaifiyata, kuma duk na ƙaru da su. Na ukun labari ne da wata baiwar Allah ta rubuta, ƙanwata ke turo min shi babi-babi a waya, ina karantawa da dare bisa tabarma a tsakar gidanmu a Mabera, don zafi ba ya barin mutum ya kwana ɗaki. Labarin yarinya ce da anka sake ta ta saƙon waya bayan wata takwas da aure, ubanta bai gama biyan bashin kayan ɗaki ba ta dawo da ciki, anka raɓa ta ɗakin ƙannenta, kullum in an zuba mata tuwo sai an haɗa mata da baƙar magana. Wallahi ajiye wayar na yi, don 'yar baffana shekara biyu ke nan tana zawarci a gidansu, iyakata da ita "ina kwana Yaya", ban taɓa zama na ce yaya kike ciki ba. Washegari na tai wurinta munka daɗe muna magana, ta faɗa min abin da ban taɓa zaton tana haɗiyewa ba. Littafin da ake cewa a hana shi ya kai ni.

Za a ce akwai masu rubuta batsa. Akwai, kuma a kira su da sunansu a yi musu faɗa, ba sai an haɗa da masu aikin kirki ba.

Kuma a ce a Sakkwato za a ji kunyar mace ta riƙe alƙalami? Nana Asma'u da ta rasu a 1864 ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, wato mata jagorori masu koyarwa, ta ɗora musu malfa sunka riƙa kai waƙoƙinta ƙauyuka ga matan 'Yan Taru, ƙungiyar karatun mata da ta kafa. Ita ta san inda mata suke ta bi su da karatu har can. Yau matan suna cikin waya.

Hanin ma ai an gwada shi. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano, rubutun bai tsaya ba, daga baya ma ya koma inda ba wanda ke iya cinna masa wuta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata masu rubuta gajerun labarai ta fi wancan amfani nesa ba kusa ba. Ga malaman Hausa cike da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su jawo yaran nan su duba musu rubutu, masu hali su sa kyauta ga wadda ta fi iyawa.