Tuban ɓarawon daji a cikin labari da muhawarar makomarsa a lahira

Wani labari da ake saki babi-babi a zaurukan WhatsApp ya raba kan masu karatu a Gusau. Jarumin ɓarawon daji ne: ya ƙone ƙauyuka, ya kore shanu, ya yi garkuwa da mutane, daga baya ya ajiye bindiga ya koma ga Allah. A babin ƙarshe tsoffin yaransa suka harbe shi yana kan hanyar masallaci. Marubuciyar ta ajiye alƙalami, masu karatu kuwa suka ɗauki gardama: aljanna zai shiga ko wuta?

Wasu na cewa ɓata lokaci ne, tunda wanda aka ƙirƙira ba shi da kabari, balle hisabi. Haka ne, amma ni ban ga wasa a wannan gardama ba. Mutumin Zurmi, Maru ko Tsafe da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa, idan yana karanta labarin, fuskar wanda ya cuce shi yake gani. Jihar Zamfara da ta ga sulhun 2019 da waɗanda aka kira tubabbu, sannan a Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, dole ta yi tambaya duk lokacin da aka ambaci tuba.

Masu cewa aljanna suna kafa hujja da hadisin Bukhari da Muslim na mutumin da ya kashe rai 100, ya kama hanyar garin salihai, ya mutu kafin ya isa, mala'ikun rahama suka karɓe shi. Suna ƙarawa da aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ɗaya ɓangaren na riƙe da hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito: mutum ya zo da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wancan, sai a yi ta biyansu daga ladansa, idan ya ƙare a ɗora masa zunubansu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu rantsuwa. Muslim ya ruwaito labarin wanda ya ce wallahi Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aka gafarta wa wanen, aka ɓata aikin mai rantsuwar. Bakin da ya saba yanke wa jarumin labari hukunci, gobe mamaci na gaske zai yanke wa a Facebook.

Duk da haka, ƙorafina mafi girma kan marubuciyar yake. Malamai sun ce sharuɗɗan tuba uku ne: daina laifi, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan akwai haƙƙin mutane, sai na huɗu ya shigo, wato mayar da shi ko neman yafiya. Labarin ya ba jarumin hawaye da tsayuwar dare da kyakkyawar mutuwa, amma ko shafi ɗaya ba a ga ya mayar da saniya ba, ba a ga ya durƙusa gaban matar da ya mayar bazawara ba. Matasa ne ke karanta waɗannan labarai, kuma tuba mai arha irin wannan yana koya musu cewa kuka kaɗai na wanke jini. Idan za a ƙara babi, a ba wannan mata bakin magana, ta faɗi ko ta yafe ko ba ta yafe ba, da dalilinta.