Wainar Sifaniyawa da takalmin Kawu

Tunda bidiyon nan ya shiga gurup ɗin 'yan gida kowa Babban Kuku yake kirana, to bari ku ji ta bakina, don wanda ya ɗauka bai nuna muku inda abin ya faro ba.

Kun san wanke-wanke nake yi a wani gidan abinci nan Valencia. Sifaniyawa ba sa cin abincin rana sai ƙarfe 2, na dare kuwa sai 9 ko 10, don haka kafin a buɗe ƙofa ake dafa wa ma'aikata nasu, mu zauna mu ci tare, daga kuku har ni mai soso. Ba abincin baƙi ba ne, na gida ne, abin da ya samu a sito. Yau farar shinkafa da miyar tumatir da soyayyen ƙwai da ayaba, gobe romon tafarnuwa da burodin jiya, jibi ƙananan waken nan lentejas, wanda kuku ke ɗebar min nawa kafin ya jefa naman aladensu. Ba abin rainawa ba ne, shi kansa shahararren kuku Ferran Adrià na gidan abincin elBulli littafi guda ya fitar a 2011 kan abin da ma'aikatansa ke ci. Amma ranar da babu mai latti ita ce ranar tortilla, wainar ƙwai da dankali mai kaurin yatsa uku.

Daga bakin famfo na haddace ta tsaf. A yanka dankali falle-falle, a nutsa shi cikin man zaitun a wuta kaɗan, ba soyawa ba, sai dai ya yi laushi. A tsame, a zuba cikin kaɗaɗɗen ƙwai da gishiri, a bar su minti goma su san juna. A juye a kasko. Idan ƙasan ya kama, a kifa faranti a kai, a juya lokaci ɗaya, a zame ta ta koma kasko. Shi ke nan. Kuku yana yi yana zagin alƙalin wasan jiya, ko kallon kaskon ba ya yi.

To Kawu ya ce zai shigo ranar Lahadi daga Barcelona da saƙon yaji da daddawa, na ce kada kowa ya ɗora tukunya.

Komai ya tafi daidai, kuma ina da shaidu. Ƙwai takwas, dankali kilo guda, albasa babba. Ƙamshi har matakala. Kawu ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar kicin, ya miƙe ƙafa, yana ba ni labarin rikicin gadon nan da kuka sani. Ƙasan waina ya kama, gefe ya fara ja. Na miƙa hannu inda babban farantinmu yake zama. Wayam.

Wuta ba ta jira. Sauran farantan duk ba su kai faɗin kaskon ba. Na waiga na ga murfin tukunyar gilas, faɗinsa daidai. A wurin aiki na taɓa ganin an juya da murfi, sai dai nasu shimfiɗaɗɗe ne, namu kuwa mai ƙoƙo ne, kuma wanda ya ƙera shi ya huda masa ƙaramar ƙofar tururi, abin da ba wanda ya tambaye shi.

Na kifa. Na ce, "Kawu, kalli nan." Da bakina na ce ya kalla. Na yi bismillah na juya.

Juyin kam ya yi kyau, kowa ya gani. Wainar ta zauna kan murfi, bayanta ja-ja-wur, har na fara murmushi. Sai na ji wani ɗumi a wuyan hannu. Ɗanyen ƙwan da bai kama ba ya taru a ƙoƙon murfin ya sami ƙofar nan, yana tsiyaya siriri, ya bi ta hannun sabuwar shaddata, ya wuce gwiwar hannu, yana neman hammata. Hannun dama kasko mai zafi, hagu murfi, ba inda zan ajiye ko ɗaya saboda wani ya cika kantar da kofunan shayinsa. Na ɗan ɗaga gwiwar hannu don ƙwan ya daina tafiya. Ɗan ɗagawar nan ita ce. Wainar ta motsa. A hankali ta fara, kamar akuyar da ta ga an bar ƙofa a buɗe, ta zo baki ta ɗan tsaya, wallahi ta tsaya, na kai kasko in tare ta, ta bi ta gefensa ta sauka gaba ɗayanta a kan ƙafar Kawu ta dama. Tim.

Sau-ciki ne a ƙafarsa, na fata, wanda ya sayo a Kano. Dankali ya shige ciki. Kawu bai janye ƙafar ba, bai yi ihu ba, duk da tururi na tashi. Ya dubi takalmin, ya dube ni ina tsaye da hannu a sama ƙwai na ɗiga ta gefen riga, ya ce, "Ɗana, a wurin aikin ma haka kuke zuba wa mutane, ko wannan na manya ne?"

Na ce, "Sannu, Kawu."

Ya ce, "A'a, kai ne da sannu."

Duk wannan, mutumin Maraɗin da muke zama gida ɗaya yana jingine da firij riƙe da waya. Bai ce ga tsumma ba, bai karɓi kaskon ba. Dariyar da kuke ji a bidiyon kamar ana jan ƙarfe, tasa ce. Kuma ku tambaye shi ina farantin yake. Yana ƙarƙashin gadonsa da busasshiyar taliya a manne, tun daren da ya ce zai wanke da safe. Mutumin da ko ruwan zafi ya ɗora sai ya ƙone, shi ne yake ce min ai da na yi irin ta Adrià, wadda ake jiƙa soyayyen dankalin leda a ƙwai, da ba a kai ga haka ba. Kamar dankalin ne ya ɗauke faranti.

Shi ne fa lokacin da fari ya kama Andalusiya, yankin zaitun na kudancin ƙasar, a 2023, man zaitun ya doshi yuro 10 lita, har manyan kantuna suna ɗaure kwalabe da abin ƙararrawa, na kama shi yana shafa nawa a kaushin ƙafarsa. Wai sanyi. Idan aka je Alboraya, nan kusa da Valencia, shan horchata, kunun ayarsu, kuwa ba ya barin kowa ya sha cikin natsuwa, sai ya tare mai kawowa da guntun Sifaniyancinsa yana gaya masa ayar daga Nijar ake kawo ta. To ana kawowa, ba a musa ba, su ma suna noma tasu a nan bayan gari, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ganin ya biya kuɗin kofin ba.

Tsohuwar da ke ƙasa da mu ta hawo jin ƙarar. Ta leƙa ta ga abin da ke ƙasa, ba ta kula da Kawu ba, ba ta kula da rigata ba, ta nuna da sanda ta ce albasa ce wannan? Ashe tana ɓangaren masu cewa tortilla da albasa ba tortilla ba ce, rigimar da ta raba ƙasar nan gida biyu. Iyayenta 'yan Betanzos ne, can Galisiya, inda suke yin ta ba albasa, cikinta ruwa-ruwa. Ta tsaya ta yi mana bayani ƙafar Kawu na cikin bokiti.

Ƙarshe burodi muka gasa, muka goga masa tafarnuwa da tumatir, muka ɗiga ragowar man, Kawu ya barbaɗa yajin da ya kawo ya ce wannan ya fi. Da silifas ɗina ya tafi tashar jirgin ƙasa, takalmin a leda. Ya kuma mance cajarsa a nan, duk mai zuwa Barcelona cikin satin nan ya yi min magana.