Ga sabbin masu babur a Legas: iska ba ta son hannu mai tauri

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka sauka Legas kwanan nan aka damƙa muku makullin babur a Agege ko Ikorodu ko wajen Alaba Rago. Wanda ya koya muku tuƙi ya ja muku kunne a kan direban danfo, da ramuka, da masu kamen babur. Da wuya a ce ya zaunar da ku a kan maganar iska, domin shi kansa jikinsa ne ya koya, bai taɓa tsayawa ya faɗe ta da baki ba. To ga ta nan, a karanta a tsanake.

Iskar da za ku yi hulɗa da ita a garin nan kala biyu ce. Akwai ta teku, wadda ke tasowa daga kudu, ta fi ƙarfi daga azahar zuwa yamma. Wannan tana da tarbiyya, kusan kullum fuskarta ɗaya, kuma an fi jin ta a filin da babu gini, kamar hanyar Badagry da ta Epe da bakin ruwa. Ta biyu ita ce abin tsoro: iskar gaban hadari, ta farkon damina wajen Maris da Afrilu, da ta ƙarshenta wajen Oktoba. Gari ya yi zafi tsit, ganye ko motsi ba ya yi, sai gabas ta yi baƙi, sai ka ji wani sanyi ya bugi wuyanka. Daga wannan sanyin zuwa lokacin da leda da ƙura za su tashi sama, 'yan mintoci ne. Ba a ɗauke take zuwa ba, bugu take yi ta saki, ta sake bugu. Bugun nan da sakin nan su ke kayar da ɗan koyo.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya zauna muku a kai. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi. Kana tafiya a kilomita 50 cikin awa, iska mai gudun 30 ta taho ta gabanka, to ƙirjinka na karɓar iskar kilomita 80, kuma nauyinta a jikinka ya haura ninki biyu da rabi na abin da ka saba ji a 50. Shi ya sa rage gudu kaɗan yake sauƙaƙa abu da yawa. Kuma babur irin Boxer ko TVS ɗin da muke aiki da su, ɗari da 'yan kai ne nauyinsa a kilo. Kai da ke zaune a kansa, da fasinjanka, da kayanku, ku ne bangon da iska ke samu ta tura.

Yanzu ga asalin maganar. Sabon shiga, da zarar iska ta buge shi daga gefe, sai ya damƙe kan babur da iyakar ƙarfinsa, ya miƙar da hannuwa, kafaɗu su sandare. A zatonsa riƙo yake yi. Abin da ke faruwa shi ne, iska na bugun kafaɗarsa da kansa, bugun ya bi ta sandararren hannu ya sauka a kan babur, tayar gaba ta juya ba da saninsa ba. Wato shi da kansa ya miƙa wa iska tuƙin. Babur mai tafiya yana neman miƙewa da kansa idan aka ƙyale wuyansa ya yi ɗan wasa. Saboda haka riƙon ya koma ƙasa. Matse tanki da gwiwoyinka, danna tafin ƙafa a kan matakai, ka bar gwiwar hannu a lanƙwashe, kafaɗa a sake. Riƙe kan babur kamar yadda za ka riƙe ƙwai: kada ya faɗi, kada ya fashe. Idan kana so ka gwada kanka, ka kaɗa gwiwar hannunka kana tafe. In ta ƙi kaɗuwa, ka ƙanƙame da yawa.

Sai yadda ake mayar wa iska martani. Ta taho daga dama tana tura ka hagu, to ka ɗan tura hannun dama na kan babur zuwa gaba, turi mai laushi, ba fizga ba. Babur zai kwanta dama, ya jingina da iskar, ka ci gaba da tafiya a miƙe alhali yana a karkace. Ta taho daga hagu, hannun hagu za ka tura. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan baya-baya ne, amma haka kowane babur yake shiga kwana da zarar ya wuce gudun mai tafiya a ƙasa, kai ma haka kake yi kullum ba ka lura ba. Ka je fili ranar da babu iska, a giya ta biyu ko ta uku, ka tura dama ka ga ya tafi dama, ka tura hagu ka ga ya tafi hagu, har hannunka ya haddace. Wajen da ake faɗuwa shi ne lokacin da iska ta saki. Ka jingina da ita, ta janye ba sallama, babur ya zarce ɓangaren da ka kwantar da shi. Don haka turin ya zama daidai bugun, kuma hannu a shirye yake ya sassauta nan take. Wasu tsofaffin hannu suna buɗe gwiwar da ke ɓangaren iska waje, sukan ce tana taimaka wa babur ya jingina. Wannan a bar shi sai hannu ya faɗa, ɗan koyo ya bar gwiwarsa a jikin tanki.

Totur kuma a riƙe shi daidai. Kada ka sake shi gaba ɗaya don tsoro, kada ka kama kuloci ka bar babur yana gangarawa, domin tayar baya da injin ke ja ita ce ke zaunar da shi a kan titi. Sauko da giya ɗaya, ka bar injin yana ja a hankali. Birkin gaba da ƙarfi alhali babur na karkace, faɗuwa ce kai tsaye. In dole ka rage, ka saki totur sannu, ka taɓa na baya da sauƙi, ka ƙara da na gaba bayan ya miƙe. Kuma kada ragewar ta yi yawa har ka koma rarrafe, babur mai tafiyar hawainiya ya fi sauƙin turewa. A unguwa, tsakanin 30 da 40 ya wadatar. Idan iska ta gaba ce, ka ɗan sunkuya wajen tanki. Idan ta baya ce, ka sani tana ƙara maka gudu ba ka ji, kuma birki zai ci ƙasa fiye da yadda ka saba.

Ido ya riga iska isa wajen. Duk inda doguwar katanga ta ƙare, ko tazara tsakanin benaye biyu, ko bakin layin da ya fuskanci ruwa, ko hawan gada, to nan bugu yake jiran ka. Ka dubi tutoci da ganyen kwakwa da rumfunan leda na 'yan kasuwa, su za su gaya maka daga ina take. In daga dama take, ka tsaya tsakiya zuwa dama a layinka, don in ta ture ka, kana da fili kafin ka faɗa gaban mota. In daga hagu take, kada ka manne da gefen titi, kwatocin Legas a buɗe suke kuma da zurfi.

Tirela da tanka da motar kwantena, su ne suka fi yaudara. Ka shiga gefensu iska ta ɗauke ɗif kamar an rufe ƙofa, kai kuwa kana jingine, sai babur ya nufi ƙarƙashin motar. Ka fito ta gabanta, bugu ya dawo da sabon ƙarfi. Wadda ta taho daga gaba da gudu ita ma tana da tata iskar, ta ture ka waje sannan ta ja ka ciki. Ranar iska ba a jerawa da babbar mota. Ka ba ta tazara, ka matsa nesa da ita a layinka, in ba dole ba kada ka wuce ta.

Maganar gada gajeriya ce ga masu ƙananan babura: tun 2012 dokar jihar ta hana ku manyan tituna da gadoji, kuma tun 2022 an hana haya da babur ɗungurungum a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Mushin. Amma ku masu kai saƙo da manyan babura, da ke hawa gadar Third Mainland, ku tuna kilomita 11.8 ce, mafi yawanta a kan ruwa, babu gini babu bishiya, babu wurin fakewa in abu ya ɓaci. In ka hango hadari tun kana Oworonshoki, ka jira a ƙasa. Saƙon ba zai ruɓe a rabin awa ba.

Hausawa suka ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma ba a taɓa yin karin maganar da ta dace da ɗan acaɓa kamar wannan ba. Akwatin saƙo da ke bayanka faffaɗa ne, yana sama, yana bayan taya, duk bugun da ya samu sai tayar gaba ta yi sauƙi. Kaya mai nauyi a sa shi can ƙasan akwati kuma kusa da bayanka, a duba ƙusoshin da suka riƙe shi. Fasinja mai katifa, ko falankin katako, ko kwanon rufi, ko madubin taga, a ba shi haƙuri ranar iska komai kuɗin da ya saka. Wadda ta buɗe lema a bayanka, ka tsaya ta naɗe. Fasinja ya matso jikinka ya zauna daram, kada ya ce zai taya ka gyara karkata. Rigar ruwa irin mai faɗin nan da ke rufe mutum da babur, da babbar riga, da jaket da ba a ja zif ba, duk tarkon iska ne, kuma bakin rigar na iya shiga sarƙa ko sifok. Mai wando da riga daban ta fi.

Hular kwano a ɗaure igiyarta, yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa, a sauke gilashi. A gudun 40, daƙiƙa ɗaya mita 11 ce. Yashi ya shiga idonka ka runtse na daƙiƙa biyu, ka yi tafiyar mita 22 a makance.

Babur ɗin kansa ma yana da nasa laifin. Taya mai ƙarancin iska tana lilo, sai bugu kaɗan ya zama babba. A irin Boxer, a ma'aunin iskar taya na PSI, 25 a gaba, 28 a baya, 32 in da fasinja, kuma ka sa mai faci ya auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ba ya buga da yatsa ya ce ta yi ba. Ɗora babur a jak ɗin tsakiya, wani ya danne baya, ka kama ƙafafun gaba ka ja ka tura. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya saki, a kai wa bakanike. Shokazoba da ta mutu da sifok da ya kwance, su ma suna ƙara rawa.

Akwai iskar da ba a tuƙi a cikinta, ko kai waye. Manyan rassa na kaɗawa, waya na fito, lema ta gagari mai ita: iska ta kai wajen kilomita 40 zuwa 50, ɗan koyo ya fara neman wurin tsayawa. Bishiya gaba ɗayanta na rangaji, mai tafiya a ƙasa yana turjiya: ta haura 50, kowa ya sauka. A wannan lokacin abin da iska ta ɗauko ya fi ita kanta haɗari, kwanon rufi da allon talla da wayar wuta. Na san balas ɗin da za ka kai wa mai babur na jiran ka da yamma, kuma lokacin hadari ne fasinja ke ninka kuɗi. Amma irin wannan iska galibi ba ta daɗewa, da ruwa ya sauka sosai take lafawa. Sai dai ruwan farko yana taso da man da ya zuba a kwalta, titi ya yi santsi kamar an shafa sabulu, don haka kada ka zabura da saukarsa.

In za ka tsaya, sa sigina da wuri, sauke ƙafa biyu, ka riƙe birki. Kada ka fake ƙarƙashin bishiya, ko allon talla, ko turken wuta, ko jikin katangar da ba a gama ba. Nemi bayan gini mai ƙwari, ɓangaren da iska ba ta bugu. Kafe babur a jak ɗin gefe, a bar shi a giya ta ɗaya, a karya kansa hagu, kuma a juya shi yadda iska za ta riƙa bugun damansa tana danna shi a kan jak. In ƙasa ta yi laushi, sa dutse mai faɗi ko guntun katako a ƙarƙashin jak ɗin.