Kuɗin gina zaman lafiya bai kamata ya zama sadaka ba

A shekarar 2024 ƙasashen duniya sun kashe dala biliyan 2,718 a kan sojoji da makamai, kamar yadda cibiyar SIPRI da ke Stockholm ta ƙididdige. A Disambar 2023 kuwa, bayan dogon ja-in-ja, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa daga 2025 za a riƙa ware dala miliyan 50 duk shekara daga gudummawar dole ta ƙasashe domin Asusun Gina Zaman Lafiya, wanda ke tallafa wa ƙasashen da ke fita daga rikici ko ke fuskantarsa. An ɗauki hakan a matsayin nasara, kuma nasara ce. Sai dai kuɗin bai isa sayen jirgin yaƙi ɗaya samfurin F-35 ba.

Ni a ganina ƙarancin kuɗin ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar ita ce yadda yake zuwa. Tun da aka kafa asusun a 2006, dogaronsa yana kan abin da ƙasashe suka ga dama suka bayar, kuma mafi yawansa daga 'yan tsirarun ƙasashen Turai yake fitowa, irin su Jamus da Sweden da Norway da Holland da Birtaniya. António Guterres, a matsayinsa na Babban Sakataren Majalisar, ya sha roƙon a kai shi dala miliyan 500 a shekara, ba a taɓa kaiwa can ba. Mai bayar da sadaka yana da ikon ya janye hannu ran da hankalinsa ya koma wani wuri, kuma tun da Rasha ta mamayi Ukraine a 2022 hankalin Turai ya koma gida. A Fabrairun 2025 Birtaniya ta ce za ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa don ta ƙara wa tsaro. A 2025 ɗin ce kuma gwamnatin Trump ta rushe hukumar USAID mai bayar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje.

Aikin da ake magana a kai ba ya ƙarewa a shekara ɗaya ko biyu. Karɓe bindiga daga hannun saurayi shi ne mai sauƙin. Wahalar tana wajen samar masa abin yi, da shawo kan garin da ya ƙona su yarda ya dawo, da kafa kotun da za ta raba rigimar gona tsakanin wanda ya gudu da wanda ya zauna. Ga biyan 'yan sanda albashi a kan kari don kada su koma tare hanya. Duk waɗannan suna farawa ne daidai lokacin da 'yan jarida suka tattara kayansu, masu bayar da kuɗi suka ce ai rikici ya lafa.

Saliyo ta nuna abin da haƙuri ke iya yi. An karɓe makaman mayaƙa sama da 70,000 kafin a ayyana ƙarshen yaƙin a Janairun 2002, aka ci gaba da tallafa mata shekara da shekaru, har ta kai ana miƙa mulki daga jam'iyya zuwa jam'iyya ta akwatin zaɓe. Amma kada a yaudari kai. Burundi ta shiga tsarin gina zaman lafiya na Majalisar tare da Saliyo a 2006, ta sami nata rabon, duk da haka ta faɗa rikici a 2015 lokacin da shugabanta Pierre Nkurunziza ya nemi wa'adi na uku. Kuɗi ba ya sayen niyyar shugaban da ba shi da ita. Masu sukar da ke cewa kaso mai tsoka yana ƙarewa a tarurrukan otal da alawus ɗin ƙwararru su ma ba ƙarya suke yi ba. To amma gyaran wannan shi ne a miƙa kaso mafi girma ga ƙungiyoyin cikin gida da suka san wa ke gaba da wa, a ba su na shekara biyar ko goma, a kuma bi diddigi. Ƙungiyar da ba ta san ko za a sabunta mata kwangila baɗi ba, rabin lokacinta wajen rubuta takardar neman tallafi yake tafiya.

Afirka ma tana da nata laifin. A taron Kigali na 2016 shugabannin Tarayyar Afirka sun amince da harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan wasu kayayyakin da ake shigowa da su, suka kuma sa wa Asusun Zaman Lafiya na ƙungiyar burin dala miliyan 400. Ƙasashe da dama ba su fara karɓar harajin ba. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2719 na Disambar 2023 ya buɗe ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin da Tarayyar ke jagoranta, amma sai kwamitin ya amince da kowace runduna ɗaya bayan ɗaya, wato dai Amurka na iya hawa kujerar na-ƙi. Rundunar Tarayyar da ta fara aiki a Somaliya a Janairun 2025 da giɓin kuɗi ta fara.