Masu Karɓar Haraji Ne Suka Rubuta Sunan Kakanka

A ranar 6 ga Janairu, 2022, aka buɗe takardun ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta shekarar 1921, bayan sun shekara ɗari a kulle kamar yadda ƙa'idarsu ta tanada. A nan Ingila inda nake zaune, mutane suka yi ca a intanet, kowa yana neman gidan da kakansa ya kwana a daren 19 ga Yuni, 1921. Idan hira ta biyo ta kan haka a cikin 'yan uwanmu mazauna nan, sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce Turawa sun san darajar magabatansu, mu kuwa ko sunan kakan kakanmu ba mu riƙe ba. Ni dai ban yarda ba. Bature bai fi mu ƙaunar kakansa ba. Hukumarsa ce ta rubuta, ta ajiye, daga baya ta buɗe, kuma ba don ƙaunar kowa ta rubuta ba.

Ɗauki takardar ƙidayar 1911, wadda maigida ya cika da hannunsa ya sa hannu a ƙasa. Ga sunan kowa a jere, ga dangantakarsa da maigida, shekarunsa, sana'arsa da garin da aka haife shi. A layin matar aure an tambayi shekarun da ta yi da aure, 'ya'ya nawa ta haifa da rai, nawa suke raye, nawa suka rasu. Har ɗakunan gidan sai da aka ƙirga. Mai neman asalinsa zai ga mutum tara a ɗaki biyu, ya ga an rubuta haihuwa goma, huɗu sun koma. Daga nan sai ya ja baya shekara goma-goma: 1901, 1891, har 1851 da aka fara rubuta ainihin shekaru da wurin haihuwa, har 1841 da aka fara rubuta sunaye. Yaron da ya gani yana aikin gona a ƙauye, bayan shekara ashirin sai ya tsince shi a masaƙar Manchesta da mata da 'ya'ya. Babu wanda ya ba shi labarin ƙaurar, takarda biyu ya jera ya gani.

Takardun ƙasa ma haka. Bayan dokar 1836 kan ushirin coci, aka zana taswirar gonaki a gundumomi da yawa, kowace gona da lambarta, da sunan mai ita, da sunan wanda yake nomawa. A 1910 gwamnati ta sake bin filaye da gidaje tana ƙiyasta darajarsu, a lokacin da Lloyd George yake ministan kuɗi. Tun kundin Domesday na 1086 da Sarki William ya sa aka rubuta, tambayar ɗaya ce: wa ya mallaki me, nawa za a samu daga gare shi. Abin da jikoki suke kuka a kansa yau a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, jiya lissafin mai karɓar kuɗi ne.

Kuma kada a ɗauka nasu bai da giɓi. Takardun ƙidayar 1931 ta Ingila da Wales sun ƙone ƙurmus a gobarar 1942, ta 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi ta. Na Amurka na 1890 gobara ta cinye mafi yawansu a 1921. A Dablin, yaƙin basasar 1922 ya lashe ma'ajiyar takardun Ayalan. Abin da ya fi gobara muni shi ne wanda alƙalami ya tsallake da gangan. A ƙidayar Amurka ta 1850 da 1860, an jera bayi a ƙarƙashin sunan ubangidansu, shekaru da jinsi da launin fata kawai, babu suna. Sai a 1870 aka rubuta 'yantattun da sunayensu, shi ya sa baƙaƙen Amurka da yawa masu neman asalinsu suke cijewa a wannan shekara. A Ingila kuma, kafin dokokin 1870 da 1882, dukiyar matar aure galibi ta mijinta ce, don haka da wuya ka gan ta a takardar fili sai ta zama bazawara. Takarda mai dukiya take gani sosai, talaka kuwa sai ta ci karo da shi.

To mu fa? Gaskiya ne ƙidayarmu ba za ta kai ka ko'ina ba. Na zamanin Turawa, 1911 da 1921 da 1931, a Arewa yawancinsu ƙiyasi ne daga lissafin haraji. Bayan samun 'yanci ƙidaya ta koma kokawar siyasa: an soke ta 1962, an sake a 1963, an soke ta 1973, sannan 1991 da 2006, ta 2023 kuma aka ɗage. Rigimarmu kullum a kan jimilla take, jiha kaza ta samu miliyan nawa, domin da ita ake rabon kujeru da kuɗi. Ba na jin ana tambayar ina takardun da aka cike gida-gida suke, balle yaushe jikoki za su gan su. Dokar mallakar ƙasa ma ta bi wata hanya dabam. Tun shelar 1910 aka sa ƙasar Arewa a hannun gwamna a matsayin amana, dokar 1962 ta ci gaba da haka, ta 1978 ta shimfiɗa shi a duk Najeriya. Manomi yana da haƙƙin noma da gado, amma ba a tara masa jerin takardun mallaka daga hannu zuwa hannu irin na Bature ba.

Sai dai daga nan zuwa cewa ba mu da takardu akwai nisa. Mu ma an karɓi haraji da jangali a hannunmu, kuma mai karɓa ba ya aiki da ka. Dagatai da malaman haraji sun rubuta sunayen magidanta, haka aka yi ta yi har 1979 da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke harajin a Kano da Kaduna. A ƙasar Kano malaman taki sun bi gonaki suna auna su da ƙafa don a yanka wa kowa abin da zai biya. Rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta kan gundumomi suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Shari'un da aka yanke a majalisar Sarkin Kano Abbas a 1913 da 1914 suna nan da Larabci, da rigingimun gona da gida da sunayen masu ƙara.

Wadda na fi ganin darajarta ita ce takardar rabon gado. Ƙidayar Bature tana nuna wanda ya kwana a gida a dare guda. Rabon gado a gaban alƙali kuwa dole ya lissafa magada duka, domin in an manta mutum ɗaya rabon ya ɓaci: matan da za su raba tumuni, 'ya'ya maza da mata, uwa ko uba in suna raye, har ɗan da ya yi nisa. Ga dukiyar an jera, gona da gida da dabbobi da bashi, ga ushirar da kotu ta cire. Matan da takardar filin Ingila ta tsallake, a nan shari'a ta tilasta a ambace su. Haka ma 'yar takardar cinikin gona da ake naɗewa a ƙasan akwati, wadda ta yi ja don tsufa, tawada ta fara cin ta a wurin ninki. Karanta ta ka ji: gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, kudu da rafi, shaidu wane da wane, a gaban mai unguwa wane. A layi biyar ka samu maƙwabta, da masu faɗa a ji, da zamanin da aka yi cinikin.

Wahalar da ta fi damunmu ta suna ce. Bature yana jan sunan gida ɗaya tsawon ƙarni da yawa. Mu kuwa sunan uba ne ke bin na ɗa, ya canza a kowane hawa, ga laƙabi ga alkunya, mutum ɗaya Muhammadu ne a kotu, Tanko a unguwa, Malam a gida. Audu nawa ne a littafin harajin gunduma guda? Nan ne tsohuwar da ta san salsala take da abin da Kew ba ta da shi. Ita za ta gaya maka Audun da kake nema shi ne mai jima, wanda gonarsa ke bakin rafi, sai takarda ta tabbatar ko ta ƙaryata. Ɗaya ba ta wadatar ba tare da ɗaya ba, kuma dukansu biyu suna ƙarewa, tsofaffi ajali na ɗauka, takardu gara da damina.

Abin da ya sa binciken ya yi sauƙi a nan Ingila, bayan ajiya, shi ne fihirisa. An fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837, amma neman mutum ɗaya a ciki aikin kwanaki ne, sai da 'yan sa-kai na wani shiri mai suna FreeBMD suka fara kwafe sunayen cikin kwamfuta daga 1998, kyauta, kowa daga gidansa. Wannan ba ya buƙatar jiran wani babban kasafi. Yana buƙatar kotuna da masarautu su yarda a ɗauki hoton tsofaffin kundayensu, da doka mai faɗin shekarun da za a jira kafin a buɗe wa jama'a, yadda Ingila ta sa ɗari, Amurka ta sa 72. Masu karanta rubutun kuwa muna da su birjik. Hannun da muhutin alƙali ya yi rubutu da shi shekara ɗari da suka wuce, ɗan uwan wanda ake koya a tsangaya ne har gobe, kuma da yawa daga cikin alarammomin da suka iya shi suna da waya mai kyamara a aljihu.