Direban Gusau Ba Giya Yake Sha Ba, Amma A Buge Yake Tuƙi

Duk shekara, da zarar an shiga watannin ƙarshe, hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, kan fito gangamin wayar da kai a tashoshin mota. A kafa rumfa, a gayyato shugabannin direbobi, a karanta jawabi, kuma gargaɗin da ba a taɓa mantawa da shi ba shi ne kada a sha giya a yi tuƙi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda gargaɗin ke sauka a Gusau. Kowa ya gyaɗa kai, a ransa kuwa yana cewa da mutanen Legas ake. Ai nan Zamfara ce, tun shekarar 2000 ake aiki da shari'ar Musulunci, Musulmin da aka kama ya sha barasa bulala 80 ce. To ina mashayin yake? Da wannan kwanciyar hankali ake watsewa, kowa ya koma lodi.

Wannan kwanciyar hankalin tana cin rayuka. Direban da ya taso daga Sakkwato da asuba, ya sauke fasinja a Zariya, ya juyo a ranar don ya cika balas ɗin mai mota, da me ake zaton yake hana idonsa barci? Babu ɗan kamasho ko yaron mota da bai san amsar ba. Akwai tiramol, akwai wiwi, akwai maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, ga kuma gadagi da ake zuba masa abin da mai sayarwa kaɗai ya sani. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Waɗannan mutane ba a ɗaki suke wuni ba. Wasunsu na riƙe da sitiyari, wasu na bisa babur ɗauke da yaran makaranta. Na'urar da ake sa direba ya hura numfashi kuwa barasa kawai take ganewa, don haka wanda ya haɗiyi tiramol zai hura ya wuce abinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

A ce ma an kama shi. Jadawalin dokar FRSC ta 2007 ya yanka tarar naira 5,000 ga wanda ya yi tuƙi cikin maye, ko na giya ko na ƙwaya, da naira 3,000 ga wanda ya wuce ƙa'idar gudu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira 5,000 ba ta sayen lita goma. Direba zai lissafa ta cikin kuɗin hanya, kamar kuɗin tikitin yuniyan, ya biya ya tayar da mota. Masu cewa ƙara tara zaluntar talaka ne su duba wanda ake kwashewa a bakin titi: almajiri, yarinya mai talla, tsohon da ke tsallakawa zuwa masallaci.

Batun gudu ma haka. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ce a cikin gari ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a sa'a, tirela da tanka kuma 45. Je ka tambayi direbobi goma a tasha ka ji nawa suka san wannan. Babbar hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato ta ratsa Tsafe, Kwatarkwashi, Gusau, Bunguɗu, Maru da Talata Mafara, kuma a mafi yawan garuruwan nan kasuwa a bakin kwalta take ci. Na san abin da ke sa direba take totur tsakanin 'Yankara da Tsafe. Tsoron 'yan bindiga ne, kowa na son ya fita daji kafin rana ta faɗi, kuma ba ni da bakin zargin mai gudun ceton ransa da na fasinjojinsa. Matsalar ita ce ƙafar da ta saba da totur a daji ba ta sassautawa idan an shigo gari. Da wannan gudun ake shiga Damba, da shi ake tunkarar shataletalen Lalan, inda masu adaidaita da masu baro da yara ke cakuɗe a titi ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa, haɗarin mutuwarsa na ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da na 65. Kilomita 15 kacal, wanda direba ba ya ma ji a jikinsa. Shi ya sa tun bayan taron Stockholm na 2020 ake matsa wa ƙasashe su mayar da gudun wuraren da mutane ke cuɗanya da motoci zuwa 30. Mu kuwa abin da muka iya shi ne idan an kashe yaro, matasan unguwa su fusata su gina tudun siminti a tsakar titi, marar fenti, marar alama, wanda da daddare shi ma sai ya kayar da mai babur.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake rufe zancen bayan an yi kisa. Dattawan tasha su zo ta'aziyya, a ce ƙaddara ce, iyalan mamaci su ce sun yafe, kafin sadakar bakwai direban ya koma kan hanya. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Wannan fa kuskure ne tsantsa. Ina ga wanda ya sha ƙwaya da gangan, ya shigo kasuwa da gudun daji? Jihar da ke alfahari da cewa ita ta fara dawo da shari'a bai kamata ta iya ƙirga bulalar mashayin giya ba, sannan ta kasa tambayar jinin wanda aka take a titi. Yafe diyya haƙƙin magada ne, babu mai ƙwace musu. Lasisin tuƙi kuwa na hukuma ne, kuma ba magada ne za su yafe shi ba.

Gwamnatin jiha ba ta buƙatar jiran Abuja. Tana da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ZAROTA, tana da majalisar dokoki, ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, kuma na nan a Gusau. A riƙa gwajin ƙwaya a tasha kafin mota ta tashi, wanda ya faɗi a karɓe lasisinsa, a kuma ci tarar mai motar da ya ɗora masa balas ɗin da ba ya cikuwa sai da ƙwaya. A sa iyakar gudun kilomita 30 a gaban makarantu da kasuwanni. Na'urar taƙaita gudu da aka wajabta wa motocin haya tun 2017, a fara duba motoci nawa ne a tashoshin Gusau ke ɗauke da ita tana aiki.